Rairayin da Inna Mai Gyaɗa Ta Ɗebo

Ku ajiye wayoyin nan ku matso. Kai Babba, da kai nake, kife ta a kan tabarma. Ke ma Malamar asibiti, majinyatanki ba za su mutu ba don kin saurari uwarki na rabin sa'a. Auta, tura ƙofar, kada yara su shigo.

Sati uku ke nan kuna cika min kunne da gardamar inda za a kai iyali hutun bana. Wannan ya nuno hoton bakin teku mai inuwar kwakwa, wancan ya ce a'a, ga wani can a wata ƙasa, ruwansa garau, yaro zai yi ta tafiya a ciki bai kai masa gwiwa ba. Na ga hotunan, ban makance ba. Kyau kam akwai shi, amma ɗan maciji ma kyakkyawa ne. Akwai abin da ya faru bara wanda ƙanwata, Innarku Mai Gyaɗa, ta sa ni na rantse ba zan faɗa ba. Na riƙe shi wata goma sha ɗaya. Yau zan karya rantsuwar, na yi kaffara daga baya.

Bara Babba ya ɗauki matarsa da jaririnsu da Takwarata, wadda a lokacin shekarunta biyar, ya ce zai kai su bakin teku. Ya ce in zo, na ce gwiwata ba ta hawan jirgi. Sai aka tafi da Inna a madadina, don ta riƙa kula da yarinyar. Daga nan labarin nata ne, kuma yadda ta ba ni haka zan ba ku.

Kun san Inna. Shekara arba'in tana suyar gyaɗa a bakin mararraba, kuma mai suyar gyaɗa ba gyaɗar ce damuwarta ba, rairayin da ake soya ta a ciki ne. Na kogi sai an wanke, an shanya, an tankaɗe da rariya, duk da haka sati ɗaya ya yi baƙi ya fara ƙona mata kaya. Rabin rayuwarta a neman rairayi mai kyau ya tafi. To ranar da suka isa, kowa teku yake kallo, ita ƙasa take kallo.

Uwar Takwara ta ce, "Inna, ki ɗaga kai mana. Ga tekun da muka hawo jirgi dominsa."

Ta ce, "Ruwa ne, 'yar nan, na san ruwa. Amma wannan rairayin, wa ya tankaɗe musu shi?"

Wurin dai wuri ne na iyali. Otal ɗin yana fuskantar ruwa, ga lemomin inuwa jere, ga kujerun kishingiɗa, ga lilon yara. Akwai mai ceto a kan doguwar kujera da usur a wuyansa, ko yaro ya yi tari a cikin ruwa sai ya miƙe tsaye. Takwara aka saya mata ɗan jan bokiti da ɗan shebur na roba, ta wuni tana gina ɗakuna ruwa yana cinye su. Inna kuwa tana zaune a inuwa tana murza rairayi a tsakanin yatsunta tana tsaki, don da ta duba da kyau sai ta ga na wajen lemomin ya ɓaci. Ga maiƙon man da baƙi ke shafawa, ga guntun sigari, ga murfin kwalba. Wanda ya soya gyaɗa da wannan, turare zai sayar.

Amma can ƙarshen gaɓar an ja wata igiya daga gindin itatuwan kwakwa har zuwa bakin ruwa. Bayan igiyar akwai wani ɗan fili kafin a kai ga duwatsu. Ba lema, ba kujera, ba mai taka shi. Fari ne fat, kamar an shimfiɗa alawayyo. Tun ranar farko idon Inna ya sauka a kansa bai tashi ba.

Akwai wani tsoho siriri mai share gaɓar, Inna ta sa masa suna Mai Manjagara. Hausarsa irin ta kasuwa ce, wadda ya tsinta a bakin baƙi, amma ana gane shi sarai. Kullum da la'asar sakaliya mai ceto zai busa usur, baƙi su kwashe tawul da yara su koma otal, sai tsohon ya fito da manjagararsa. Abin da ya ba Inna mamaki shi ne yadda yake aikin. Da baya-baya yake tafiya, daga bakin ruwa zuwa tudu, yana shafe sawun kowa har da nasa. Kafin rana ta faɗi gaɓar ta koma kamar kan da aka yi wa sabon kitso. Amma bai taɓa tsallaka igiyar nan ba.

Rana ta uku ta tare shi.

"Baba, sannu da aiki. Wa ya koya maka shara da baya-baya? Wata rana ka faɗa rami."

"Wanda na gada," in ji shi, bai tsaya ba.

"To can bayan igiyar fa? Ko albashin bai kai can ba?"

Bai yi dariya ba. Ya tsaya, ya dubi rana ya ga saura nawa, sannan ya rage murya.

"Can ba namu ba ne, Hajiya. Akwai mai fitowa idan rana ta taɓa ruwa. Ya hau zuwa gindin kwakwar can, ya dawo kafin duhu ya rufe. Ba ya gani a tudu, da sawu yake gane hanya. Nasa nake bar masa. Na baƙi nake sharewa, don kada ya rikice ya bi na wani."

Inna ta kwashe da dariya har da tafa hannu.

"Baba, ni da na tsufa a mararraba? Aljanin da bai sayi gyaɗata ba, ba a haife shi ba tukuna."

A ranta ta ce dabara ce ta masu otal, don kada yara su je wajen duwatsu su ji ciwo. Ta yaba musu da wayon, ta ajiye zancen a gefe.

Ranar ƙarshe aka wuni haɗa kaya, don da safe za a kama hanya. Da rana ta yi sanyi, Babba da matarsa suka sauka da jariri cin abinci, suka bar Takwara a ɗaki da Inna. Yarinyar tana kwance a kan gado tana kallon talabijin. Inna ta leƙa ta taga. An busa usur tun ɗazu, gaɓar ba kowa, tsohon ya gama sharar ya tafi ajiye kayansa. Ta ce a ranta, in ba yanzu ba, sai yaushe? Bokiti ɗaya kawai. Zai yi mata shekara.

"Zauna nan, uwata," ta ce wa yarinyar. "Yanzun nan zan dawo. Kada ki sauko."

Ta ɗauki jan bokitin da ɗan shebur ɗin ta ɓoye a cikin mayafi, ta fita ta ƙofar baya.

Wannan ne kuskurenta na farko, kuma shi ne abin da ya sa ta ji kunyar faɗa muku. An ba ta amanar yarinya, ta bar ta don rairayi.

Ta bi gefen gaɓar da sauri. Daga otal ana jin kiɗa a hankali da ƙarar cokula. Tana ƙara nisa suna ƙara dusashewa, har ya rage sai numfashin teku, ya ja, ya saki. Rana ta yi ja jawur, gefenta ya riga ya shiga ruwa. Iska na ɗauke da warin gishiri.

Ta ɗaga ƙafa ta tsallaka igiyar.

Abin da ta fara ji shi ne sanyi. Rairayin wancan gefen ya wuni a rana, har yanzu da ɗuminsa. Wannan kuwa kamar ƙasan randa. Ta ce inuwar duwatsu ce, ta ci gaba.

A tsakiyar filin ta ga wasu 'yan ramuka marasa zurfi, a jere, sun taso daga bakin ruwa sun nufi gindin kwakwa. Kowanne tsawonsa ya kai daga gwiwar hannu zuwa yatsa, siriri, ba alamar yatsu, ba alamar dunduniya. Ta durƙusa. Rairayin da ke cikin ramukan ya fi na ko'ina laushi. Ta murza shi, bai yi ƙara ba. Ko garin da aka tankaɗe sau uku bai kai shi ba.

"Kai," ta ce a hankali. "Allah mai halitta."

Ta ɗibi ɗan cikin tafin hannu ta ƙulle a haɓar zanenta. Haka take yi a kasuwa tun tana budurwa, duk kayan da ta gani ta yaba sai ta ƙulle ɗan kaɗan don ta gwada a gida. Hannun ne ya yi, ita ba ta ma san ta yi ba. Ku riƙe wannan.

Sannan ta sa shebur. Ta kwashe rami ɗaya tas, ta juye a bokiti. Ta kwashe na biyu. Ta kwashe na uku. Bokitin ya cika, ta danna shi da hannu.

Tana miƙewa ne idonta ya bi layin ramukan zuwa sama, ya dawo ƙasa. Layi ɗaya ne. Kuma gefen kowane rami da jiƙe yake, sabo.

An hau. Ba a sauko ba tukuna.

"Inna! Bokitina!"

Ta juya. Ga Takwara tana tahowa da gudu, ba takalmi, ta ratso tsakiyar gaɓar da tsohon ya share. A bayanta ga 'yan sawunta ƙanana reras, tun daga matakalar otal. Ta sunkuya ta ƙarƙashin igiya, ta zo ta kama zanen Inna.

"Na ganki ta taga. Kin sace min bokiti. Sai na faɗa wa Abba."

"Yi shiru," in ji Inna.

"Sai na faɗa..."

"Na ce yi shiru."

Domin teku ya yi shiru. Ruwan yana nan yana motsi, amma ba ya ƙara, kamar an toshe wa duniya kunne. Tsuntsayen da ke kan duwatsu suka tashi gaba ɗaya, ba wanda ya yi kuka.

Sai wari ya taso daga wajen kwakwa. Warin ƙasan rijiya, da ruɓaɓɓen ganye, da kifin da ya daɗe a rana.

Caɓ.

Kamar an ajiye jiƙaƙƙen tsumma a ƙasa.

Caɓ.

Inna ba ta ga kowa ba. Abin da ta gani shi ne ramin da ke can sama ya lotsa, ruwa ya taru a cikinsa. Sai na gabansa. Sai na gabansa. Ana saukowa, ana sa ƙafa daidai inda aka sa ta da farko.

Ta fizgi hannun yarinyar, bokiti a ɗaya hannun, ta nufi igiya. Ba ta iya gudu ba. Duk addu'ar da ta sani ta tsere daga kanta, sai bisimilla kawai take ta nanatawa. Suka tsallaka. Ta waiwaya.

Tafiyar ta iso inda Inna ta kwashe rairayi.

Sai takun ya tsaya.

Rairayin wurin ya fara motsi, dama, hagu, kamar makaho yana lalube da sanda. Sannan aka yi magana. Ba da ƙarfi ba. Muryar kamar ruwa ne ke wucewa ta cikin tsakuwa, kuma a cikin kunnenta take jin ta duk da nisan.

"Ina sawuna?"



Laluben ya matso, ya sami sawun Inna da ke gefe. Sawun ya lotsa a hankali, kamar mai gwada takalmi. Aka janye.

"Wannan ya gaji. Ya kusa gama tafiyarsa."

Laluben ya matsa kaɗan. Ya sami ɗan ƙaramin.

"Wannan sabo ne."

Ɗan sawun ya cika da ruwa.

Hannun Takwara ya yi sanyi a cikin na Inna. Yarinyar ta tsaya cak. Ta juya fuskarta wajen teku. Idonta a buɗe, amma ba ta ƙiftawa.

"Uwata? Takwara? Zo mu tafi."

Yarinyar ta zare hannunta kamar an shafa masa sabulu, ta ɗaga ƙafa. Takun da ta yi ba na yaro ba ne. Dogo ne, har cinyarta na rawa.

Inna ta saki bokiti ta rungume ta za ta ɗaga. Matar da ke sauke buhun gyaɗa ita kaɗai, ta kasa raba 'yar shekara biyar da ƙasa. Kamar an dasa ta.

A bayan igiya, ɗan sawu na biyu ya cika da ruwa. Na uku.

Yarinyar ta ƙara taku. Ta ja Inna da ita.

Sai ga tsohon nan a guje, manjagara a hannu. Ya dubi bokitin, ya dubi yarinyar, bai tambayi komai ba. Ya jefar da manjagarar, ya sarƙe hannuwansa a ƙugun Takwara, ya kafa dugadugansa a ƙasa.

"Mayar," ya ce da raɗa. "Inda kika ɗebo. Yadda kika same shi."

"Yana can a hanya!"

"Ki wuce shi. Kada ki ɗaga kai. Ba zan iya riƙe ta da daɗewa ba."

Yarinyar ta yi wani takun. Dugadugan tsohon suka ja layi biyu a rairayi.

Inna ta ɗauki bokitin.

Ta tsallaka igiyar kanta a ƙasa. Sanyin ya doke ta a fuska. Tana ganin 'yan sawun Takwara suna cika ɗaya bayan ɗaya, suna tahowa wajenta. Ta rage taku biyu tsakaninsu. Ɗaya.

Ta ratsa ta gefe. Wani abu mai santsi ya shafi kafaɗarta, mayafinta ya jiƙe nan take.

Ta faɗi a kan gwiwoyinta a bakin ramukan. Ta juye kashi ɗaya a na farko. Tudu ya yi, ba sawu ba. Ta kwantar da hannunta daga gwiwa zuwa yatsa, ta danna, ta gyara gefen da babban yatsa, yadda take lallashin rairayi a kasko. Ya fito.

Ta waiga ta ƙarƙashin hammatarta. Ruwa ya kai wa yarinyar gwiwa.

Na biyu. Ta juye, ta danna, ta gyara.

Ruwa ya kai mata ƙugu. Tsohon yana nishi.

Na uku. Ta kife bokitin, ta buga gindinsa, ta kankare da farce. Ta danna. Gefe ɗaya ya ƙi cika. Ta jawo na kusa ta cike, ya zame ya koma inda yake, ya ƙi haɗuwa da wancan.

Saura ɗan jan zare na rana a kan ruwa.

"Ga hanyarka!" ta ce, muryarta na karyewa. "Ga ta nan na mayar! Ka sakar min 'ya!"



Caɓ.

Yana dawowa.

Ta dunƙule a gefen layin, goshinta a ƙasa. Warin ya rufe ta har ta kasa numfashi. Ramin farko ya lotsa a gaban idonta. Na biyu ya lotsa.

A na uku aka yi tuntuɓe.

Aka tsaya a kanta. Ɗigon ruwa ɗaya ya sauka a bayan wuyanta, ya ƙona ta kamar garwashi.

"Da saura."

Sai wani babban raƙumin ruwa ya taso ya daki duwatsu, ƙarar teku ta dawo gaba ɗaya. Ramukan suka ci gaba da lotsawa da sauri, da sauri, har bakin ruwa. Rana ta nutse.

Can ta ji kukan yaro. Ba ta taɓa jin abin da ya yi mata daɗi kamarsa ba.

Da rarrafe ta tsallako. Tsohon yana fitowa daga ruwa da Takwara a kafaɗarsa, rigarta a jiƙe har wuya. Ya miƙa mata ita. Yanzu ba ta da nauyi, kamar 'yar tsana.

"Inna, ƙafata sanyi," in ji yarinyar. "Me ya sa muka shiga ruwa?"

Tsohon ya ɗauki manjagararsa, ya fara shafe sawunsu da baya-baya. Bai dubi Inna ba ya tambaye ta.

"Duka kika mayar?"

"Duka, wallahi."

Kuma ba ƙarya ta yi ba, haka ta sani. Ta goya yarinyar ta koma ɗaki, ta canja mata kaya. Da iyayen suka hawo ta ce wankin bokiti suka je, yarinya ta zame. Kai Babba har ka ce, "Inna ke nan, ke da rigima," ka yi dariya. Ka tuna? To ka tuna.

Sai da suka kwana biyu da dawowa, ta ɗauko zanen za ta wanke, ta ji ƙulli a haɓarsa.

Ta zubar da rairayin a kwata. Da safe ta same shi a cikin kaskonta, a tare a gefe guda, fari fat a tsakiyar baƙin rairayinta. Ta kai shi bola, ta kai shi kogi, ta haƙa rami ta binne. Kullum a kasko yake wayar gari. Ranar da taurin kai ya sa ta hura wuta a ƙarƙashinsa, itace ya ƙare kaskon bai yi zafi ba, gyaɗar ta fito a jiƙe, gishiri kamar an dafa ta a hawaye. Tun ranar ta bar mararraba. Kun ce tsufa ne, kun yi murna ta huta. Ba tsufa ba ne. Ku ce ta sauke ɗankwali ku ga bayan wuyanta, akwai tabo fari kamar kwabo, kuma kullum a jiƙe.

Da a kanta abin ya tsaya, da na bar ta da shi, ita ta jawo. Amma ku ba ni amsa. Takalma nawa aka canja wa Takwara a shekarar nan saboda suna ruɓewa daga ciki? Ke Malamar asibiti kin duba ta kin ce gumi ne, kin rubuta hoda. Wane gumi ne ke barin gishiri a kan tabarma? Uwarta ta ce yarinya ta koyi tsayuwa ita kaɗai da yamma, tana fuskantar wuri ɗaya, sai an girgiza ta. Da farko a tsakar ɗaki take tsayawa. Bayan wata biyu a bakin ƙofa. Watan jiya a tsakar gida.

Shekaranjiya da aka kawo min ita, na ɗauki tsintsiya da kaina, da gwiwar nan tawa, na share tsakar gidan nan tas da yamma. Na zauna ina kallo. Ta fito ta ratsa. Da aka shigar da ita na je na duba. Sawu biyu ƙanana, na uku dogo, siriri, ba yatsu. Biyu ƙanana, na uku dogo. Kuma ba ɗaki suka nufa ba, ƙofar waje suka nufa.

Auta, daina murmushin nan. Na san abin da za ka ce, camfin tsofaffi. Ga rairayin nan a kwalba, na sa Inna ta kawo min jiya. Miƙo hannunka ka taɓa. Na goge kwalbar nan sau uku tun da kuka zauna. Ka ji sanyi da danshin? To ka mayar da hannunka aljihu ka yi shiru.

Saboda haka zancen wace gaɓa ta fi kyau a duniya ya ƙare. Babba, na san ka riga ka kama ɗakuna a wancan wurin na hoto, ka soke. Inda aka je bara can za a koma, kuma da wuri, don tsohon nan ba yaro ba ne, in ya mutu ban san wa zai tsaya mana a bakin igiya ba. Inna za ta je, hannun da ya ɗebo shi zai mayar. A kan wannan ni da ita ba mu da saɓani.

Inda muka rabu shi ne yarinyar. Inna ta ce dole a tafi da ita, ta tsaya a wurin a lokacin da za a cike ramin, don abin da ya shiga sawunta ya ga hanyarsa a gabansa ya fita. Ta ce in an bar ta a nan, za a mayar da rairayi a bar mai shi a ƙafar yarinya. Ni kuma na ce yarinyar da aka fizgo daga bakin ruwan nan da ƙyar, ba a sake kai ta gabansa da hannunmu. Wannan karon in ta yi taku, wa zai riƙe ta? Kwana uku muna yi, har ta yi fushi ta ƙi cin abincina. Ita tana da hujja, ni ma ina da ita, kuma dukanmu mun tsufa da sauya magana.

Ku ne iyayenta. Kai ka haife ta, ke kin yi karatu, kai kuma Auta ƙarfinka za a nema in an zo riƙewa. A tafi da ita ko a bar ta? Ku zauna nan ku sasanta, abin da kuka yanke ni da Inna za mu bi, ba za mu ƙara kalma ba. Amma ku yanke shi yau, kafin a kira magariba. Ku leƙa ta tagar nan. Ga ta can ta bar 'yan'uwanta suna wasa, hannunta yana kan sakatar ƙofar waje.